Fitsari da bayan gida: ragaya ɗaya ce ke ɗauke da su

Maganar yau mai nauyi ce a baki, saboda haka tun daga farko ina neman afuwar iyayenmu mata, da surukai in akwai su cikin masu karanta wannan fili. Zan ambaci fitsari, zan ambaci bayan gida, zan kuma kira wasu wurare da sunansu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai shagon tireda ya san asirin gari fiye da sarkin zango, sai dai ba ya faɗa. Na haura shekara ashirin ina sayar da sabulu da omo da turare da audugar mata da famfas a nan Tempane, ranar kasuwa kuma in loda motokin in nufi Garu ko Woriyanga ko Basyonde. Abin da gida ke saya shi ke gaya maka halin da ake ciki. Akwai gidan da tsohuwar cikinsa ta yi sallama da al'ada tun jikokinta na goye, amma duk mako sai an aiko yaro sayen audugar mata. Akwai gidan da rabonsu da jariri shekara biyar, amma famfas ba ya yanke musu, kuma mafi girma ake nema. Akwai matar da ba ta cika arba'in ba, omon da take saya a wata ya ishi gidan mutum goma. Daga bakin shagona ina hango kemis ɗin maƙwabcina, kuma sau da yawa yaran da aka aiko wurina su ne ke tsallakawa can, su fito da kwalbar maganin wankin ciki ko na basir.

A gida ana ɗaukar abin cuta biyu ne. Ɗigar fitsari a ce sanyi ne, ko tsufa, ko abin da haihuwa ta bari. Taurin bayan gida a ce basir ne, ko zafi. Kowanne da nasa mai magani, kowanne da nasa kuɗin. Alhali sau da yawa tushensu ɗaya, kuma yana wurin da ba wanda ya taɓa koya mana sunansa.

Wadda ta buɗe min ido a kan haka wata dattijuwa ce a danginmu, ungozomar asibiti da ta yi ritaya bayan ta yi aiki a Yendi da Salaga da ƙauyukan Bawku. Da na kai mata tambayata sai ta ce, "Alhaji, ka san ragaya?" Na ce, "Haba Inna, wa ya tashi a ɗakin uwa bai san ragaya ba? Igiyar da ake saƙawa a rataye, a ɗora ƙwaryar nono don kada kyanwa ta kai." Ta ce to, kowane ɗan Adam yana da irinta a ƙasan ƙugu, ta tsoka, shimfiɗe daga ƙashin mara ta gaba har zuwa ƙarshen ƙashin baya. A jikin mace ƙore uku ke zaune a kanta: mafitsara a gaba, mahaifa a tsakiya, ƙarshen hanji a baya. A jikin namiji biyu ne. Hanyar fitsari da ta haihuwa da dubura duk ta cikin wannan tsoka suka ratsa suka fita. Aikinta biyu: ta ɗauki nauyin abin da ke bisa, ta kuma yi aikin zariyar wando, ta tsuke in ana son riƙewa, ta saki in an je ban ɗaki. Jijiyoyin da ke kai saƙo ga mafitsara da dubura da ita wannan tsokar kuwa, wuri guda suke fitowa a ƙasan ƙashin baya. Maƙwabta ne masu katanga ɗaya. In ɗaya ya yi hayaƙi, ɗayan sai ya yi tari.

Ga yadda ta jera min abin, kuma tun daga ranar nake ganinsa a ko'ina. Mafitsarar baligi tana ɗaukar kusan rabin lita, wato ledar fiya wata guda. In bayan gida ya taru ya bushe a ƙarshen hanji, sai ya danne mafitsara ya rage mata fili, ya kuma hana ta juye abin da ke cikinta duka. Mutum ya yi fitsari yanzu, kafin ya gama ɗaura zani ya ji saura. Sai kuma a shiga ban ɗaki a yi ta yunƙuri, a riƙe numfashi a tura da ƙarfi, yau da gobe, shekara da shekaru. Kowane yunƙuri tura ragayar yake yi ƙasa. Da ta saki, sai tari ko atishawa ko dariya ko ɗaga bokiti ya sa fitsari ya ɗigo. Me mace za ta yi in ta ga haka? Sai ta rage shan ruwa, don a ganinta in babu ruwa babu fitsari. Rashin ruwa kuwa shi ke ƙara busar da bayan gida, ya kuma sa fitsarin ya yi kauri ya yi ja, yana ƙaiƙayar mafitsara tana neman fitar da shi ko da kaɗan ne. An zagayo inda aka faro, kuma kowane zagaye ya fi na baya muni.

Ko a yara haka abin yake. Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas yana fitsarin kwance, kafin a ɗauko bulala ko a tara masa yara su yi masa waƙa, a tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida. Da yawansu in cikin ya saki, katifar ma sai ta huta.

Yanzu mu zo kan namu, mu fatake, don sana'armu ta haɗa kusan duk abin da ke cin wannan ragaya. Daga Bawku zuwa Akra ya haura kilomita 800. Matar da za ta bi buhunan albasarta zuwa Kumasi ko Akra, tun daren jiya ta daina shan ruwa. Ta san direba ba zai tsaya ba sai inda ya ga dama, kuma inda ya ga dama fili ne fetal, wurin da namiji zai juya baya ya tsuguna ya gama, ita kuwa ba ko kututturen da za ta raɓa. Sai ta zauna cikin mota ta matse. Mai bin motar doya daga Yendi ta Bimbila haka, mai zaman jiran jirgin fito a Makango don ya haye zuwa Yeji haka. In an isa tasha, ban ɗakin kuɗi ne, wani kuma ko an biya ka ba za ka shiga ba. Abincin hanya burodi da shayi da gari, sai goro don kada barci ya ɗauke ka a sace maka jaka. Shayi da kofi da goro duk suna da sinadarin da ke tsokanar mafitsara. Ni mai cin goro ne, jikan masu fataucin goro, ba zan ce a daina ba, amma wanda fitsari ke kora ya gwada ragewa na mako biyu ya gani da idonsa. Mutum ya yi kwana uku a hanya bai zaga ba, ya dawo gida ya huta kwana huɗu, ya sake ɗaukar hanya. Hanji yana da hali irin na mai bin bashi mai kunya: in ya ƙwanƙwasa sau ɗaya sau biyu ba a buɗe ba, sai ya daina ƙwanƙwasawa, abin kuma yana ciki yana bushewa.

A nan ina da magana da shugabannin tasha da direbobinmu. Tsayawar minti goma a inda akwai sutura ba ta taɓa karya jarin kowa ba. Fasinja mace ba za ta ɗaga murya cikin maza ta ce a tsaya ba, kun sani, na sani. Kada ku jira ta roƙa.

Sai ɗaukar kaya. 'Ya'yanmu mata da ke tafiya kayayo a Kumasi da Akra, wasu da goyo a baya da tasa a ka, nauyin da ke kansu ba a wuya yake tsayawa ba, har ƙasan ƙugu yake sauka. Haka mai ɗebo ruwa, haka mai daka, haka mai tarin da hayaƙin murhu ko taba ya zaunar mata a ƙirji. Ƙiba ma nauyi ce da ragayar ke ɗauke da ita dare da rana. Amma babban mai cinta ita ce haihuwa. Wata tara tana ɗauke da ciki, ranar naƙuda kuma ta buɗe har kan yaro ya wuce. Allah ya yi ta tana komawa, sai dai tana son lokaci. Hikimar kwana arba'in da iyayenmu suka ajiye ke nan, kuma ko arba'in ɗin ma farkon warkewa ne. Yau sai ka ga mace ta haihu, kwana goma da suna tana kasuwa tana jan buhu, don kuɗin adashi bai san jego ba. Kafin jikin ya dawo wani cikin ya shiga. Ba na ɗora laifin a kanta. Maigidan da ke zaune a inuwa yana ganin mai jego na kinkimar jarka, shi ya kamata a tambaya.

In ragayar ta saki sosai, ƙwaryar kan sauko. Mace ta ji nauyi a ƙasa, ko wani abu kamar ƙwai yana leƙowa ta gabanta, da safe da sauƙi, da yamma bayan an wuni a tsaye ya ƙaru. Wata sai ta sa yatsa ta danna kafin fitsari ko bayan gida ya ƙarasa fita. Wata kuma wadda ta yage har dubura wurin haihuwa ba a ɗinke da kyau ba, ba ta iya riƙe iska, wani lokaci har da bayan gida mai ruwa. Irin waɗannan su ne za ka ga sun janye daga biki da suna da Islamiyya, a ce wance ta zama mai girman kai, ko ba ta son mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inna ta ce ta sha ganin matan da suka yi shekara goma da saukowar mahaifa, miji bai sani ba, ko ya sani ya ƙara aure ya yi shiru. Alhali akwai zoben roba da likita ke sa wa a ciki ya tallafe mahaifar, ana cirewa a wanke a mayar, akwai kuma tiyata ga wadda abin ya yi nisa.

Akwai wani nau'in da ya saɓa wa wannan, kuma dole in faɗe shi don kada wani ya ɗauki maganin wani. Wani ragayarsa ba saki ta yi ba, ɗaurewa ta yi ta ƙi saki. Ya je ban ɗaki yana turawa daga sama, ita kuma tana tsukewa daga ƙasa, kamar mai tura ƙofa wani na danne da ita ta ciki. Alamarsa doguwar zama a ban ɗaki ko da bayan gidan ba tauri, fitsari mai jinkirin farawa yana fita a yanke a yanke, ciwo a mara ko tsakanin cinyoyi, ga mace kuma zafi lokacin kwanciyar aure. Tsoro da yawan matsewa da ciwon da aka taɓa ji a wurin suna kawo shi. Wannan ba ƙarin ƙarfi yake nema ba, koyon saki yake nema, kuma aikin likitocin gashi ne irin na Asibitin Koyarwa na Tamale.

Tun da maganar ban ɗaki muke, bari in ɗan ratse. Masana harshe sun ce kalmar salga da Hausawan Kano da Katsina ke kiran ramin masai da ita, daga sunan garin Salaga ta fito, garin da ake wa kirari da rijiya dubu, fataken goro suka koma gida da ita. Mutanen Salaga su yi haƙuri, ba ni na ƙirƙira ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, tsugunon da muke yi a salga ya fi zaman kujerar ban ɗakin zamani dacewa da halittar jiki. Akwai wani sashe na tsokar nan da ya zagayo ƙarshen hanji kamar majanyi, ya lanƙwasa shi don kada abu ya fita ba shiri. In mutum ya tsuguna, gwiwa ta haura ƙugu, lanƙwasar tana miƙewa, hanya ta buɗe. Wanda ya gina gida ya sa na zama, ya ajiye 'yar kujerar tsuguno ya ɗora ƙafafu a kai, ya ɗan sunkuya gaba, ya saki ciki, yana numfashi. Kada a riƙe numfashi a tura. In minti biyar zuwa goma ta wuce babu labari a tashi, a dawo in ya sake kira. Masu shiga da waya su zauna rabin awa suna kallon bidiyo, basir suke kiwo. Kuma ba dole ne sai kullum ba: daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, muddin yana fita da laushi ba da faɗa ba.

Abin da ke sa shi laushi kuwa yana cikin tukunyarmu, ba a kemis ba. Miyar kuka, kuɓewa, ayoyo, zogale, wake, tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya zama fari tas ba, gwanda, mangwaro a lokacinsa, kunun tsamiya. Sai ruwa, a sha har fitsari ya zama fari-fari, musamman a watannin zafi kafin damina. Wanda fitsarin dare ke tasa ya sha ruwansa da rana, ya rage bayan magariba. Maganin wankin ciki mai ƙarfi da ake sha duk mako yana fitar da na yau ne kawai, bai gyara komai ba. Samarinmu masu shan tiramol don ƙarfin aiki su sani yana daga cikin manyan masu ɗaure ciki. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki ita ma takan ɗaure, amma wannan ba a dainawa, a gaya wa nas ta san abin yi.

To, ga wadda ragayarta ta saki, akwai motsa jiki na wannan tsokar, ba ya cin ko sidi ɗaya. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana shi a rubuce a 1948, shi ya sa za ku ji ma'aikatan asibiti na kiransa da sunansa. Yadda ake gane tsokar: ki ɗauka kina cikin taron surukai iska ta zo, kina son riƙe ta. Wannan tsukewar da ɗagowa sama, ita ce. A fara a kwance, in an saba a yi a zaune, sannan a tsaye. A tsuke a ƙirga uku ko huɗu, a saki gaba ɗaya a huta daidai haka, a sake. A hankali a kai ƙirga goma. A yi aƙalla sau takwas a jere, sau uku a rana. Ba a riƙe numfashi, ba a matse cinya ko ɗuwawu ko ciki, wanda ke kusa da ke bai kamata ya gane kina yin komai ba. Kada kuma a mayar da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama shi ne motsa jikin, wannan yana rikita mafitsara. Mai sauƙin tunawa shi ne a haɗa shi da abin da ba a mantawa: bayan sallar asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Sai wata dabara da Inna ta ce ita ta fi saurin nuna amfani: kafin ki yi tari, kafin atishawa, kafin ki ɗaga tasa ko yaro, ki fara tsukewa tukuna.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne haƙuri. Wata uku ake ba shi kafin a yanke hukunci, kuma ko an ga sauƙi ba a dainawa. Mu da muka saba a sha jiƙo yau a ga aiki gobe, wata uku tamkar shekara ne. Amma wanda ya iya jiran albasa daga dashe zuwa cira ai bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Maza kada ku ce ba ruwanku. Dattijon da ya gama fitsari ya yi tsarki, yana miƙewa ya ji ɗigo a wando, wannan tsokar ce ba ta matse ragowar da ke hanya ba, kuma motsa jikin nan yana taimakonsa. Haka wanda aka yi wa aikin furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda kan kumbura da tsufa. Amma namijin da ya haura hamsin, fitsarinsa ya rage ƙarfi, yana tashi sau uku sau huɗu da dare, ya je a duba shi, a kuma auna sukari, don ciwon sukari ma da yawan fitsari yake sallama.

Abin da ya fi ci wa mutanenmu rai a wannan lalura ba wanki ba ne, salla ce. Na san dattijuwar da ta daina zuwa Juma'a da idi, tana ganin ita ba ta da tsarkin shiga sahu. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar nan tun da daɗewa, tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure: mai lalurar fitsarin da ba ya tsayawa, an so ya sake alwala ga kowace salla, ba a ce ya bar salla ba. Tafsilin hukuncin yana wurin malamai, a je a tambaye su, matan da suka yi karatu kuma su riƙa faɗa a Islamiyya ba sai an tambaya ba, don mai abin ba za ta ɗaga hannu ba.

Saura babba, wadda duk abin da na faɗa a sama ba ya yi mata magani: yoyon fitsari. Bambancinta a fili yake. Waccan ɗigo ne in an yi tari ko an matsu. Wannan zuba ce ba tsayawa, dare da rana, a kwance ko a tsaye, kuma takan fara ne cikin kwanakin da suka biyo bayan doguwar naƙuda. Kan yaro ya tsaya a ƙugu kwana biyu ko uku, ya danne naman da ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe. In ta baya ne ya danne, bayan gida ne zai riƙa biyowa ta gaba. Galibi yaron ma ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri da wanzamai ke yi shi ma yana jawo ta. Ba maita ba ce, ba sammun kishiya ba ne, ba kuma alhakin wani ne ya kama ta ba. Rami ne, ɗinki yake so.

Binciken da Hukumar Lafiya ta Gana ta fitar a 2015 tare da asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mata tsakanin 711 da 1,352 ke samun wannan lalura duk shekara a ƙasar nan, kuma arewa ce ta fi ɗaukar kaso. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san hanyoyinmu da damina, ya kuma san yadda dokar hana fitar dare da yankin Bawku ya daɗe a ciki ke sa mutane jinkirin fita da mai naƙuda. Tun 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya, amma kati ba ya tuƙa mota. Maigida ya tanadi kuɗin mai da lambar mai motokin tun ciki na wata bakwai, in gidan na nesa a matso da ita kusa da asibiti kafin lokaci. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, ta wuce hannun ungozomar gida da rubutun sha.

Wadda abin ya riga ya same ta, ana gyarawa. A Tamale akwai cibiyar da aka keɓe don wannan aiki a Babban Asibitin Tsakiya na garin, kuma akan shirya lokutan da ake yin aikin kyauta. Hanyar zuwa ita ce a fara da asibitin da ke kusa, na Presbyterian a Bawku, ko na gwamnati a Yendi ko Salaga, su rubuta takardar turawa. 'Yan'uwanmu da ke karanta mu daga Najeriya da Nijar sun fi mu sanin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980 ya ƙare da ɗinke dubban mata, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Daga aikin Katsina aka tabbatar cewa in an kai mace da wuri, cikin makonnin farko, ƙaramin rami kan rufe da kansa in aka sa mata robar fitsari ta zauna na wasu makonni, ba tare da wuƙa ba. Kwanakin da ake ɓatawa ana jiƙa saiwa a gida, su ne kwanakin da suka fi tsada. Bayan aiki likita zai ce a ƙaurace wa shimfiɗa na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti, galibi ta tiyata. Wannan sharaɗin a wuyan miji yake, shi ya kamata ya zauna gaban likita ya ji da kunnensa.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya, ga mace ko namiji: fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, jini a fitsari ko a bayan gida, zafin fitsari tare da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, yanayin bayan gida ya canza ga wanda ya manyanta yana kuma ramewa, ko ciwon baya da ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi har mutum bai san fitsari ya zubo ba. Jini a fitsarin yaro mai wanka a dam tsargiya ce galibi, tana da magani, ba alamar balaga ba ce.

In an je asibiti a faɗi duka biyun. Wadda ta je don fitsari ta ambaci bayan gida ko ba a tambaye ta ba, wanda ya je don basir ya ambaci fitsari. Kafin a tafi a yi kwana uku ana lura: sau nawa ake fitsari da rana, sau nawa da dare, me ake yi lokacin da yake ɗigowa, yaushe rabon ciki da saki. Wadda ba ta iya rubutu ba ta ajiye tsakuwa a gwangwani duk zuwa ɗaya. Tana da damar ta ce mace take so ta duba ta, in kuma Hausa ko Kusasanci ko Busanci kaɗai take ji, ta tafi da 'yar'uwar da ta yarda da ita, kada a sa ɗan cikinta namiji ya zama tafinta, don rabin maganar a ciki za ta bar shi.

Masu tambaya su turo ta hannun edita kamar kullum. Zan kai wa Inna, kuma ba zan sa sunan kowa ko garinsa ba.